Suna Linzami Ne, Ko a Duniyar Almara

Matasanmu na zango sun fara ƙaga duniyoyin almara, na labari da na wasan kwamfuta. Sai dai jarumansu na ɗauke da sunayen da aka harhaɗa da haruffa kawai, ba asali ba tushe. A ganina wannan asara ce.

Marubucin Ingila Tolkien harsuna ya fara ginawa, sannan ya ƙaga masu magana da su. Mu kuwa kayan aikin na ƙofar gida. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Gambo mabiyin tagwaye, Talatu haihuwar Talata. Kowane suna tarihin gida ne. A nan Dagbon, Karaga da Savelugu da Mion su ne ƙofofin hawa fatar sarautar Yendi, makaɗan lunsi kuma ke riƙe da salsalar sarakuna. A kasuwar Salaga, fataken goro daga Kano sun cuɗanya harshensu da na Gwanja.

Mai ƙaga masarauta ya tambayi kansa: wa ke raɗa suna, a rana ta nawa, sunan wa ake sakayawa don kunya? Wanda ya amsa waɗannan ya gina al'umma. Wanda ya tsallake su, kayan aro zai yi ta yafawa.