Zauren Tarihi: Ina Gidajen Fataken Jega?



A titin Kakawa da ke tsibirin Legas akwai wani tsohon bene da ake kira Water House, wato gidan ruwa. Wani attajiri ne, Esan da Rocha, ya gina shi a ƙarni na 19 bayan ya dawo daga Barazil, inda aka kai shi bauta tun yana yaro. Rijiyar gidan ce ta jawo sunan, don ruwanta ake sayar wa mutanen gari. Har yau gidan yana tsaye. Wani bene kuma da ke kusa da shi, Ilojo Bar, an gina shi a 1855, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, amma duk da haka aka rushe shi a watan Satumban 2016.

To, mu dawo gida. Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa Jega bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, kuma ba a daɗe ba kasuwarta ta yi suna. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan da kanwa da tufafi da dabbobi. Ana cinikin bayi ma, kada mu ɓoye wannan.

Baƙon falke ba a kasuwa yake kwana ba. Gidan fatoma yake sauka, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Shi ya sa za ku ga irin wannan gida da faffaɗan zaure, da jerin ɗakunan baƙi, da wurin ɗaure jakuna. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai. Magada sun raba gado, ko an zo da bulon siminti, shi ke nan.

Ga aikin hutu, ko a Jega kuke, ko Aliero, ko Maiyama. Ku nemi izinin mai unguwa ya nuna muku zaure mafi tsufa. Ku tambayi dattawan gidan wa ya gina shi, me yake fatauci, ina yake zuwa. Ku auna zauren da taku, ku zana fasalinsa a littafi, ku ɗauki hoto idan an yarda. Ku kai wa malamin tarihi kwafi ɗaya, ɗayan ku aiko mana.