Ilmin da Ba a Killace Ba: Batun Tsara Kundin Masu Koya wa Kwamfuta Wasan Ces

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1950, lokacin da Claude Shannon na ƙasar Amurka ya buga maƙalarsa a kan yadda za a koya wa na'ura wasan ces, wato wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, masana lissafi da masu sha'awa suka duƙufa wajen tsara manhajojin da za su iya karawa da ɗan Adam. Wannan himma ta kai su ga nasara a shekarar 1997, sa'ad da na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta ka da gwanin duniya Garry Kasparov. To, amma nasarar cin wasa daban, adana ilmin da ya kai ga nasarar kuma daban. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jama'ar da ta taru a kan wani fanni na ilmi, muddin ba ta tsara kundinta bisa ƙa'ida ba, to, za ta yi ta maimaita aikin da magabata suka riga suka gama, ta kuma tauye haƙƙin masu haƙƙi.

Yadda Ilmi Ke Watsewa

Shannon ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa a ces ya kai adadin da ake rubutawa da ɗaya da sifiri 120 a bayansa. Ke nan babu na'urar da za ta iya bin kowace hanya har ƙarshenta, dole a sami dabarar rage aiki. Babbar dabarar da aka samu ita ce wadda ake kira alfa-beta. Bayaninta a taƙaice shi ne: in na'ura tana auna wani motsi, sai ta ga abokin karawa yana da amsa guda wadda za ta sa motsin ya fi wanda aka riga aka auna muni, to, babu amfanin duba sauran amsoshinsa, sai a yar da motsin a wuce gaba. In an jera motsin da kyau, wannan dabara kan sa na'ura ta hango nisan da ya ninka na da sau biyu, alhali aikin da ta yi bai ƙaru ba.

Abin lura a nan shi ne tarihin dabarar. John McCarthy ya yi maganarta a taron Dartmouth na 1956, Alexander Brudno na Tarayyar Sobiyet ya gano ta a nasa ɓangaren ya buga a 1963, wasu masana ma sun ci karo da ita kowa a ɗakinsa, sa'an nan ba a yi mata cikakken bayani na lissafi ba sai a 1975, a hannun Donald Knuth da Ronald Moore. Shekara kusan ashirin ke nan ana ta laluben abu guda. Irin wannan ya sake faruwa a zamanin intanet. A 2018 Yu Nasu ya bayyana dabarar NNUE cikin harshen Japananci domin wasan shogi na ƙasarsu, kuma sai da wasu suka ɗauki nauyin dasa ta a manhajar Stockfish kafin masu ces su ci moriyarta a 2020.

Kundin Wiki da Tsarinsa

Wiki, wanda Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995, kundi ne a intanet da mutane da yawa ke iya rubutawa da gyarawa. A 2007 Mark Lefler ya kafa irin wannan kundi domin masu tsara manhajar ces, mai suna Chess Programming Wiki, kuma wani Bajamushe, Gerd Isenberg, shi ya ɗauki mafi yawan nauyin rubutunsa shekara da shekaru. Daga wannan aiki ana iya fitar da ƙa'idodin da suka kamaci kowane kundi irinsa.

Da farko dai, wajibi ne a gina kundin a kan dabaru, sunayen manhajoji da na mutane su biyo baya. Ɗalibin da ya zo neman ilmi matsala ce ta kawo shi: yaya za a siffanta gidaje 64 na wasan a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, yaya za a fitar da halattattun motsi, yaya za a yi bincike, yaya kuma za a auna wanda ke kan gaba. In aka jera babi-babi bisa waɗannan tambayoyi, zai tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya kamar yadda almajiri ke tashi daga babbaƙu zuwa farfaru. In kuwa aka jera bisa sunayen manhajoji, to, bayanin dabara guda zai rarrabu gida ashirin, kowane gida da guntunsa, sai wanda ya riga ya san amsa ne kaɗai zai san inda zai nema.

Na biyu, kowace dabara ta zo da salsalarta, kamar yadda malaman Hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi. Alal misali, hanyar da na'ura ke gane cewa ta taɓa auna wani yanayi na wasa, don kada ta sake wahala a kansa, ta dogara ne ga dabarar da Albert Zobrist ya bayyana a 1970. Shafin da ya kawo dabarar bai ambaci sunansa da shekarar ba ya yi rabin aiki. Wanda ke ganin wannan ƙawa ce kawai, sai ya tuna da abin da ya faru a 2011, lokacin da ƙungiyar ICGA mai shirya gasar duniya ta yanke hukuncin cewa manhajar Rybka ta kwashi aikin manhajojin Fruit da Crafty ba tare da bayyanawa ba, ta ƙwace kambunan da ta ci daga 2007 zuwa 2010. Mai manhajar, Vasik Rajlich, ya musanta zargin, jama'ar fannin kuma suka rabu biyu. Ko wane ɓangare mutum ya bi, zai yarda cewa irin wannan shari'a ba ta yiwuwa sai da rubutacciyar shaida a kan wanda ya fara kawo abu da lokacin da ya kawo shi.

Na uku, kundin ya tanadi ma'aunin da mai karatu zai gwada aikinsa da kansa, domin gani ya kori ji. Masu wannan fanni suna da gwajin da suke kira perft, wato ƙidayar dukkan hanyoyin da wasa zai iya bi daga farkonsa. Motsi na farko yana da hanya 20, na biyu 400, na uku 8,902, na huɗu 197,281, na biyar kuwa 4,865,609. Wanda manhajarsa ta ba da adadin da ya saɓa wa waɗannan, ko da guda ɗaya ne, ya san akwai kuskure a aikinsa, ba sai ya jira wani malami ya duba masa ba. Jadawali guda irin wannan ya fi shafi goma na nasiha amfani.

Hujjar Masu Suka

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce marar dalili, tun da manhajoji irin su Stockfish a buɗe suke, kowa na iya karanta yadda aka rubuta su. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rubutun manhaja yana nuna abin da aka yi ne kurum, ba ya faɗin dalilin yin sa, balle ya ambaci hanyoyin da aka gwada aka ga ba su ɓulle ba. Sanin abin da ya faskara kuwa shi ke hana na baya ɓata watanni a banza.

Wasu kuma na ganin cewa sa wa wiki mai kula ya saɓa wa ruhinsa, a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kundin fasaha yana bukatar wanda zai daidaita kalmomi, don kada a kira abu guda da suna uku, ya kuma haɗa shafi da ɗan'uwansa. Inda masu sukar suka yi daidai shi ne haɗarin jingina aiki duka a wuyan mutum guda, gama ranar da ya gaji ko ya kau, aikin ya tsaya. Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'idodin gyara a fili, a kuma raba babi-babi ga mutane da dama.

Haka nan batun masauki. Kundin ces ya zauna a dandalin Wikispaces har 2018, lokacin da masu dandalin suka ba da sanarwar rufe shi, dole aka kwashe shafuka masu ɗimbin yawa zuwa sabon gida. An dai tsira, amma zanen aro ba ya rufe katara. Jama'ar da ke son ilminta ya ɗore sai ta mallaki wurin ajiyarsa, ta kuma ajiye kwafinsa a hannu fiye da ɗaya.

Kammalawa

A 2002 John Romein da Henri Bal na birnin Amsterdam sun yi amfani da kwamfuta suka warware wasan awari na Afirka ta Yamma, suka nuna cewa in gwanaye biyu ba su yi kuskure ba, kunnen doki za a yi. Ba su iya fara wannan aiki ba sai da suka tsayar da dokokin wasan a rubuce. Darar Hausawa, mai gurabe talatin da 'ya'ya goma sha biyu a kowane ɓangare, dokokinta sukan bambanta daga gari zuwa gari, kuma mafi yawansu a bakin dattawan gindin bishiya suke. Duk ɗalibin da ke burin koya wa na'ura dara, aikinsa na farko shi ne ya zauna da waɗannan dattawa ya rubuta dokar kowane gari, da sunan garin, da shekarar da aka ji ta.