Ginin da ba a gama ba ya fi haɗari: abin da jarrabawar lasisin injiniya ke nema

A Amurka, digiri kaɗai ba ya ba injiniya ikon buga hatiminsa a kan zanen gada ko na bene. Sai ya samu lasisin da ake kira PE, wanda hukumar kowace jiha ke bayarwa. Hanyar da aka saba bi tana da matakai huɗu: digiri daga sashen da aka amince da shi, jarrabawar tushen ilimin injiniyanci da ake kira FE, kimanin shekara 4 na aiki ƙarƙashin injiniya mai lasisi, sannan babbar jarrabawa. Hukumar NCEES, wadda tushenta ya faro a 1920, ita ke tsara jarrabawar. Injiniyan gine-gine da hanyoyi yana zaɓar ɗaya daga fanni 5: ƙarfin gini, ƙasa da harsashi, sufuri, ruwa da muhalli, ko kuwa gudanar da aikin gini a fili.

Na ƙarshen nan ne abin dubawarmu. Akwai masu zaɓarsa bisa zaton ya fi sauƙi, tunda a ganinsu lissafin kuɗi ne da jadawalin aiki, babu zurfafan lissafin ƙarfin ginshiƙi. Ina ganin wannan zato kuskure ne, kuma duk wanda ya shirya a kansa ya ɓata watanninsa ko da ya ci jarrabawar. Fannin nan yana gwada mutum ne a kan lokacin da gini ya fi rauni a duk rayuwarsa, wato makonnin da yake tsaye a kan katako da tokare, kankarensa bai gama ƙarfi ba, ma'aikata kuma suna ƙarƙashinsa.

Inda lasisin ya samo asali

Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokar yi wa injiniyoyi rajista a 1907, bayan an gaji da taswirorin rabon ruwa da waɗanda ba su san aikin ba ke zanawa. Sauran jihohi sun biyo baya a hankali, wasu sai da suka binne mutane. A watan Maris na 1928 madatsar ruwa ta St. Francis ta ɓalle a Kalifoniya, ta hallaka fiye da mutum 400. A 1929 jihar ta kafa dokar lasisin injiniyoyin gine-gine. A Texas, fashewar iskar gas a wata makaranta da ke garin New London a 1937 ta kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai, kuma a shekarar aka kafa dokar rajistar injiniyoyi a jihar.

Ma'anar lasisin ke nan tun asali. Al'umma ce ke cewa tana son sunan mutum guda da za a kira idan abu ya rushe. Wanda ya ɗauke shi a matsayin takardar ƙarin albashi ko tikitin samun aiki a ƙasar waje bai yi ƙarya ba, domin yana kawo waɗannan. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ake tambaya

Jarrabawar tana da tambaya 80 cikin awa 8, wato minti 6 ga kowace tambaya. Tun 2022 a kwamfuta ake yin ta. A da mutane kan jawo akwatin littattafai zuwa ɗakin jarrabawa. Yanzu ba a shiga da littafi ko ɗaya, sai kundin da hukumar ta tanada da ƙa'idojin aiki da za a buɗe maka a fuskar kwamfuta. Daga Afrilun 2024 kuma an cire sashen safe da ke taɓa kowane fanni sama-sama, tambayoyin suka karkata ga fannin da mutum ya zaɓa.

Ɗauki maganar akwatin katako da kafinta ke haɗawa a zuba kankare a ciki. Ɗanyen kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita mai kusurwa uku, wato faɗi da tsawo da zurfi, kuma kafin ya kama yana tura jikin akwatin kamar ruwa. Idan aka cika bango mai tsayin mita 3 a zubi ɗaya da sauri, kowace murabba'in mita ta gindin akwatin tana fuskantar turin fiye da tan 7. Idan aka zuba a hankali, na ƙasa ya fara kamawa kafin na sama ya hau kansa, turin ya ragu. Idan gari ya yi sanyi, kamawar ta yi jinkiri, turin ya ƙaru. Saboda haka tambayar za ta ba ka saurin zubi da yanayin zafi, ta ce ka fitar da tazarar da ta dace tsakanin ƙarafan da ke ɗaure akwatin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a zanen ginin da aka gama. Akwatin za a ɓalle shi a tafi da shi, amma a ranar zubi rayuwar mutanen da ke wurin a kansa ta rataya.

Haka batun lokaci. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare, kuma a kwana 7 yawanci bai wuce kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi ba. Ɗan kwangila kuwa yana son ya cire tokare da wuri ya kai su bene na gaba, domin kowace rana kuɗi ce. A 1973, a ginin Skyline Plaza da ke jihar Bajiniya, an cire tokare daga ƙarƙashin dakin da bai gama ƙarfi ba a can saman ginin, benaye suka rufto ɗaya kan ɗaya, mutum 14 suka mutu. A ranar 27 ga Afrilu, 1978, a Willow Island da ke Bajiniya ta Yamma, ma'aikata suna kan dandamalin da aka maƙala a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya, a hasumiyar wata tashar wutar lantarki. Daren ya yi sanyi, kankaren bai yi ƙarfin da zai riƙe nauyin ba. Dandamalin ya ɓalle daga tsayin kusan mita 50, duk mutum 51 da ke kansa suka rasu. Abin da ya faru a wuraren biyu ya shafi tambaya guda: yau, da wannan yanayi, kankaren nan zai iya ɗaukar abin da za a ɗora masa? Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, amma a nan gawarwaki ya haifa.

Sai haƙa rami. Ƙasa mai girman mita ɗaya ta kowace fuska ta haura tan ɗaya da rabi, nauyin ƙaramar mota ke nan, kuma idan bangon rami ya zube ba ya sallama. Dokar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta wajabta kariya ga duk ramin da ya kai ƙafa 5, kimanin mita ɗaya da rabi, sai dai idan cikin dutse mai ƙarfi aka haƙa shi: ko a kwantar da bakinsa, ko a tokare shi, ko a sa garkuwar ƙarfe. Idan ya wuce ƙafa 20, dole injiniya mai lasisi ya tsara kariyar. A wannan gaɓa doka ta ambaci mai lasisin kai tsaye, ta ɗora masa rayukan waɗanda za su sauka ramin.

Ko sassan da ake wa kallon lissafin kasuwa suna da alaƙa da wannan. Ƙasar da aka haƙo tana kumbura, wadda aka daddanne kuma tana raguwa. Idan tambaya ta ce kumburin kashi 25 cikin 100 ne, abin da ka auna 1,000 a ƙasa zai zama 1,250 a bayan tifa, sawu 100 ya koma 125. Wanda ya manta da wannan ya yi kuskuren farashi, wanda ya yi kuskuren farashi kuma zai nemi inda zai rage, kuma sau da yawa siminti da rodi da kwanakin jira ne ke biyan bashin. Lissafin jadawali ma haka yake. Yana nuna maka jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta aikin gaba ɗaya, da waɗanda ke da rarar lokaci. Injiniyan da ya iya wannan lissafi yana da hujjar da zai nuna wa mai aiki inda za a iya matsawa ba tare da an taɓa kwanakin kankare ba.

Yadda ya kamata a shirya

Mafarin shiri shi ne jerin darussan da NCEES ke wallafawa, mai nuna kowane sashe da adadin tambayoyin da ake sa ran zai samu, da sunayen ƙa'idojin da za a bayar. Daga nan sai kundin hukumar. Tunda za a ba ka shi, haddar ƙa'idar lissafi ɓata lokaci ce. Abin da ke cin minti 6 ɗin nan shi ne rashin sanin inda abu yake da rashin sanin wanne ya dace da halin da aka kwatanta. Duk atisayen da za a yi, a yi shi da kundin a buɗe a kwamfuta, da irin na'urar lissafin da hukumar ta halatta, domin ba kowace ake shiga da ita ba.

Wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano ko Yamai yana da ƙarin aiki biyu. Na farko, yawanci sai an tantance digirinsa an daidaita shi da na can, kuma sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka hukumar jihar da yake nema ita ce abin tuntuɓa tun farko. Na biyu, ma'auni. Wanda ya saba da mita da kilo zai tarar da ƙafa da inci da yadi da fam. A yadi ake sayen kankare a can, kuma ƙafa 27 ne ke cika yadi ɗaya idan ana maganar girma ta fuska uku. Mantuwa da wannan lamba kaɗai ta isa ta kai mutum ga amsar da ba daidai ba bayan ya yi duk sauran lissafin daidai.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a haɗa karatun da filin aiki. Wanda ke zuwa wurin gini kowace safiya yana da tambayoyin atisaye a gabansa kyauta. Ya lissafa turin da ke kan akwatin da za a zuba gobe. Ya dubi ƙugiyar da ke ɗaga kaya ya tambayi nawa ƙarfinta ke raguwa idan hannunta ya miƙe nesa. Ya karanta sakamakon gwajin kankare na kwana 7 ya yanke wa kansa hukunci kafin ya ji na shugabansa. Sannan ya karanta rahotannin binciken gine-ginen da suka rushe, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya san labarin Willow Island ba zai ƙara kallon tambayar ƙarfin kankare a matsayin wasan lambobi ba.

Abin da jarrabawa ba ta iya aunawa

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan: zaman awa 8 a gaban kwamfuta ba ya auna gaskiya ko ƙarfin hali. Haka ne. A ranar 17 ga Yuli, 1981, gadojin tafiya biyu da ke rataye cikin otal ɗin Hyatt Regency a Kansas City suka rufto, mutum 114 suka mutu. A lokacin aiki ne aka sauya tsarin sandunan da ke riƙe da su, aka mai da dogon sanda guda zuwa biyu, sauyin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Injiniyoyin da takardun suka bi ta hannunsu masu lasisi ne. Jarrabawa ba ta hana su sakaci ba. Amma hukumar jihar Missouri ta ƙwace lasisinsu, kuma tun daga lokacin ake koyar da wannan lamari ga ɗaliban injiniyanci. Lasisi yana tabbatar da cewa mutum ya san abin da ya kamata, don haka ba zai fake da rashin sani ba, kuma yana da abin da za a karɓe masa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40, ana cikin gina shi ne, kuma yawancin waɗanda ya danne ma'aikata ne da suka fito neman abincin ranar. Kankaren Legas ko na Kano ba ya bin wata doka daban da ta Bajiniya. Tambayoyin nan na tokare da rami da kwanakin jira sun cancanci a yi wa duk wanda zai sa hannu a kan gini a ƙasarmu, kuma mai gina gida ma yana da haƙƙin ya tambayi injiniyansa yaushe za a cire tokaren dakin, da hujjar da ya dogara da ita.

Ga mai shirin jarrabawar kuwa, sakamako zai zo da kalma ɗaya, ya ci ko bai ci ba. Amfanin watannin da ya yi yana karatu zai bayyana ne daga baya, ranar da ɗan kwangila ya ce a cire tokare yau domin ana bukatarsu a sama, birkiloli suna jira, mai gini yana ta kira a waya. A ranar babu minti 6, babu zaɓi huɗu a fuskar kwamfuta. Injiniyan zai dubi sakamakon gwajin kankare, ya yi lissafinsa, in bai kai ba ya ce a ƙara kwana uku, ya kuma sa hannu a kan abin da ya faɗa.