Ra'ayinmu: Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

A duk ƙarshen zangon karatu, kuka iri ɗaya ke iso wa ofishin wannan reshe daga malaman azuzuwan nazare. Uba ya buɗe littafin ɗansa mai shekara uku, ya tarar da zane-zane kawai, sai ya ce malama ba ta aiki, tunda ɗan maƙwabcinsa tuni yana rubuta ɗaya zuwa ɗari. Shugaban makaranta kuma, gudun kada a cire yaron, sai ya juya kan malama. Daga nan a shiga kama hannun yara ana jan fensir, ana ba su aikin gida wanda kowa ya san uwa ko yaya ke yin sa da dare. Wannan yaudarar kai ce, kuma yaron ne ke biyan kuɗinta.

Hannun yaro yana da lokacinsa. Ƙasusuwa takwas ne a wuyan hannun mutum, kuma duka guringuntsi ne ranar haihuwa, sai a hankali suke ƙwari cikin shekarun ƙuruciya. Ɗan shekara biyu yakan damƙe fensir da dunƙulallen hannu yana ta shatale-shatale. Wajen shekara uku ya iya kwaikwayon da'ira, wajen huɗu ya gicciya layi biyu, sai wajen biyar yake iya zana siffa mai kusurwa uku. Wanda bai kai ga haɗa layuka masu karkata ba, ta yaya zai rubuta K ko W? Hatta rikita b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai.

Magabatanmu sun san wannan. A makarantar allo, ƙaramin yaro da kunne da baki yake farawa. Malam ne ke rubuta masa allo, ya bi babbaƙu, ya bi farfaru, sai ya yi nisa kafin a bar shi da alƙalami da tawada. Manufar Ilimi ta Ƙasa ma hanyar wasa ta shimfiɗa wa wannan mataki, ta kuma ajiye shiga firamare a shekara shida.

Wasu iyaye kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa idan aka matsa masa. Mu da ke karɓar waɗannan yara a aji ɗaya muna ganin sakamakon: yaro ya saba da mugun riƙon fensir mai wuyar gyara, ko ya riƙa kuka da ganin littafi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai su riƙe abin da suka koya. A bar yara su yi zane a yashi da yatsa, su cura yumɓu, su ɓare gyaɗa, su zura duwatsu a zare, su yi zane da alli a babban allo. A yawaita tatsuniya da waƙa da hira, domin sai yaro ya mallaki magana yake samun abin rubutawa. Shugabannin makarantu su tsaya wa malamansu, su yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kuma ta tura ƙwararru wannan aji, ta rage cunkosonsa.

Iyaye, mu ma masu 'ya'ya ne. Idan yaro ya kawo muku takarda cike da shatale-shatale, ku tambaye shi abin da ya zana, ku saurare shi, ku yaba masa. Duk mamban da aka tsangwama saboda ya ƙi tilasta wa ɗan shekara uku rubutu, ya kawo ƙorafinsa ofishin reshe. Ƙungiya za ta tsaya masa.