Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adun Sifaniya, Ernest Urtasun

Mai girma Minista,

A gidan tarihin Thyssen-Bornemisza da ke Madrid akwai zanen titin Saint-Honoré na Faris cikin ruwan sama, ga kekunan doki ga masu laima, aikin Camille Pissarro na 1897. Minista ya san zanen, ya kuma san yadda ya bar hannun masu shi.

A 1939, Lilly Cassirer, Bayahudiya 'yar Jamus, tana neman takardar izinin fita don ta tsira da ranta. Wani dillalin zane mai yi wa 'yan Nazi aiki ya yanka mata farashi, mak 900, kuɗin ma aka kulle su a asusun da ba ta isa ta taɓa ba. Ko lauyoyin gidan tarihin ba su musa cewa ƙwace aka yi ba.

To, da me suka fake? Da dokar Sifaniya mai cewa wanda ya riƙe kaya a bainar jama'a shekara shida, sun zama nasa. Shekara shida! Attajirin da ya sayi zanen a New York a 1976 ya same shi da guntun tambarin shagon zane na dangin Cassirer da ke Berlin a bayansa, bai bi ba'asi ba. Gwamnatin Sifaniya ta saye tarin zanensa a 1993, aka zauna ana ƙirga shekaru. Jikan Lilly, Claude, ya gano zanen a 2000, ya kai ƙara a 2005, ya rasu a 2010 bai karɓe shi ba. Duk wannan jira, a ce shekara shida ta shafe shi?

Ba a raina Minista ba. Shi da kansa ya sa aka fitar da jerin kayan tarihin da aka ƙwace zamanin mulkin Franco domin magada su nema. Ƙasarsa ma ta yi zaman jiran zanen Guernica har New York ta sako shi a 1981. Sai da aka zo kan kayan Lilly aka tuna da shekara shida.

Ga sa hannun Sifaniya a Washington a 1998, ga na Terezin a 2009, kan mayar da kayan da 'yan Nazi suka ƙwace, ga kuɗin da lauyoyi ke ci.

Minista ya sa baki a sauke zanen nan a miƙa wa magada. Kalifoniya, inda aka kai ƙarar, ta sauya dokarta a 2024, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta soke nasarar gidan tarihin a Maris 2025. In aka jira kotu ta tilasta, ba wanda zai gode wa Madrid.