Kada Tsofaffin Labaranmu Su Maƙale a Windows XP



Da yawa cikinmu a Dutsin-Ma da Kurfi muna da tsofaffin labarai da aka tsara mana da PageMaker a shagunan kwamfuta, manhajar da ba ta jituwa da sababbin Windows. Dabarar ita ce VirtualBox: mu sauke Windows XP a cikin kwamfutarmu kamar baƙo a zaure. Matsalar, nan yawancinmu ke tsayawa. Labari ya buɗe, amma allon ɗan mitsitsi, kuma ko layi ɗaya ba ya kwafuwa zuwa Word ɗinmu.

A ganinmu, wanda bai saka Guest Additions ba bai gama aiki ba. Mu shiga Devices, mu zaɓi faifan Guest Additions, mu girka shi a cikin XP ɗin, mu sake kunnawa. Sannan mu kunna Shared Clipboard, mu buɗe folda ɗaya tsakanin baƙo da maigida.

Hattara: Microsoft ta daina kula da XP tun 2014, don haka mu raba shi da intanet. Bayan kwafewa kuma mu duba ƙ, ɗ da ɓ, domin tsofaffin haruffa kan rikiɗe.

Mu ceto rubutunmu tun faifan bai lalace ba.