Fadamar Kubanni ba filin banza ba ce

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin dillalan filaye daga Samaru har Sabon Gari: wai fadama wuri ne da ke kwance ba ya amfanar kowa, matattarar sauro da kwaɗi, tifa goma ta jar ƙasa ta isa ta mayar da ita fuloti. Har masu ilimin ma, in sun ga an cike wani kwari an jera shaguna, sai ka ji sun ce unguwa ta waye. Wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada, kuma ba wanda ya sayar da filin ne ke biyan kuɗin ɓarnar ba.

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa cikin wata biyar, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Kogin Kubanni, wanda ya ratsa Samaru ya gangara tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada kafin ya faɗa Galma, ba shi da cikin da zai haɗiye wannan ruwa lokaci guda. Fadamar da ke gefensa ce ke karɓar rarar, ta riƙe ta kwana da kwanaki, ciyawa ta tace laka, ƙasa ta tsotse saura. Abin da ta tsotsa shi ne ruwan da rijiyoyin unguwa ke bayarwa a watan Maris. Ranar da aka cike ta aka shafe da siminti, ruwan bai ragu da ko cokali ba, wurin zamansa kawai aka ƙwace, sai ya nufi tsakar gidan wanda ke ƙasa. A damina ambaliya, da rani kuma layin jarkoki da jiran 'yan ga-ruwa. Lakar da ciyawar fadama ke tarewa a da, yanzu kai tsaye take wucewa, kuma madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a kan Kubanni a shekarun 1970 ta daɗe tana cikewa da ita.

Abin takaici, nan Samaru ne aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta zama cibiyar IAR. Tun farkon shekarun 1990 kuma Najeriya ke cin bashin Bankin Duniya don shirin bunƙasa noman fadama. Ana rance a raya ta ƙauye, ana binne ta gari a ƙofar gidan masanan. Alhali latas da kabeji da alayyafo da raken da ke isa kasuwar Samaru da ta Sabon Gari da raɓarsu, wani kaso nasu daga waɗannan lambuna yake fitowa, ba tare da kuɗin mota mai nisa ba.

Za a ce sauro fa? Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ɗan ruwa tsayayye da rana ke duka: ramin harsashin ginin da aka bari, sawun tayar tifa, gurbin da ya rage a fulotin da aka cike rabi. Ruwan da ke motsi, da kifi da kwaɗi a ciki suna cin tsutsar sauro, ba shi ne babban abokin gaba ba. Za a kuma ce ruwan Kubanni ya ƙazantu, ana ban ruwan ganye da ruwan kwata. Wannan gaskiya ce, amma laifin masu juye shara da sakin kwata ne a cikinsa, maganinsa a hana su. Birnin Kalkata na Indiya ya bar fadamar gabashinsa mai faɗin kadada 12,500 tana tace masa ruwan kwata, ana kiwon kifi ana noman ganye, har ta shiga jerin Yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2002. Kano kuwa ta zuba wa rafin Jakara kankare, ana ta cike kududdufanta, kuma duk damina sai unguwanni sun sha ruwa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta matsuguni. Jama'a sun ƙaru, haya ta yi tsada, talaka inda ya samu araha nan zai saya. Ba wanda zai raina wannan. Sai dai a dubi gidan bayan damina uku: bango ya jiƙe har ƙugu, fenti na ɓarewa, ƙasan ɗaki na tsatsafo da ruwa, masai ya cika ya haɗu da rijiya. Arahar da ya gani ranar ciniki, da kuɗin gyara da na asibiti yake cike ta, dillali kuwa ya daɗe da cin la'adarsa. Tudu bai ƙare ba a Zariya, titi da ruwa da awon hukuma ne ba su kai can ba, wannan kuma aikin gwamnati ne.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni amana a hannun gwamna, don haka ba sabuwar doka ake jira ba. Hukumar tsara birane ta KASUPDA da hukumar filaye ta KADGIS su shata iyakar fadamar Kubanni, su kafa alama, su daina ba da izinin gini ko takardar mallaka a cikinta, a bar wa 'yan lambu su noma. Masu unguwanni su daina sa hannu a irin wannan ciniki. Kai kuma mai shirin sayen fili, kada ka yarda a zagaya da kai a watan Maris. Ka ce wa dillali sai Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.